Daga Gazawa Zuwa Gidan Rumji: Laifin Da Ba Ya Da Takarda

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa jahar Maradi daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya fito daga gabas, da ya bar Tasawa sai Gazawa ta tarbe shi, sa'an nan Agiye, sa'an nan Cadawa. Ya gitta ta bakin Maradi, ya wuce Tibirin Gobir, ya sauka Gidan Rumji. Ƴan kasuwa sun san wannan hanya da farashi: inda buhun aya ya fi sauƙi, inda wake ke tashi, inda ake sauke kayan Jibiya. Ma'aikatan gwamnati kuwa sun san ta da takardar canjin wurin aiki. Ni da na bi ta bayan kaka, sa'ad da hunturu ya fara busowa, wata tambaya dabam na ɗauko, kuma daga littattafan wata ƙasa mai sanyi ta fito, watau Suwidin, can arewacin Turai. Tambayar ita ce: idan wanda aka ba amanar mace shi ne ya cuce ta, ina za ta kai kuka, kuma wace shaida za ta riƙa a hannu?

Kafin mu hau mota, ya kamata mai karatu ya san littattafan. Turawa suna da wani irin ƙagaggen labari da ake ginawa bisa laifi da bin sawun mai laifi. Mutanen Suwidin sun ɗauki wannan salo suka ba shi wani aiki. Maj Sjöwall da Per Wahlöö, mace da namiji masu zama tare, sun rubuta littattafai 10 tsakanin 1965 da 1975 game da wani ɗan sanda mai suna Martin Beck. Na farkon ya buɗe da gawar wata mace da aka tsamo daga ruwa, ko sunanta ba a sani ba. Nufinsu shi ne su ɗauki ƙasar da duniya ke yabo da wadata da adalci su nuna inda rufinta ke yoyo.

Wanda ya kai salon kowane lungu na duniya shi ne Stieg Larsson, ɗan jarida, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen bin diddigin ƙungiyoyin masu ƙin baƙi a mujallar Expo. Ya rubuta littattafai uku, ya miƙa su ga maɗaba'a, ya rasu a watan Nuwamba 2004 yana da shekara 50, bai ga ko ɗaya a kasuwa ba. Sun fito a 2005, 2006 da 2007. Sunan na farkon da harshensu, in an juya shi Hausa, shi ne maza masu ƙin mata. Da aka fassara shi Faransanci a 2006 sai aka ɗan sassauta, aka ce Les hommes qui n'aimaient pas les femmes. Masu fassarar Ingilishi kuwa suka kauce wa maganar ɗungum, suka raɗa masa sunan zanen da ke jikin yarinyar labarin. Ko wannan kaɗai ya isa abin lura.

Yarinyar, Lisbeth Salander, tana shekara 12 ta cinna wa ubanta wuta, domin ya daki uwarta har ya nakasa ta. Uban ɗan leƙen asiri ne da ya gudo daga Tarayyar Sobiyet, wani sashe na jami'an tsaro na ɓoye shi. Don a rufa masa asiri sai aka kulle ɗiyar a gidan masu taɓin hankali. Da ta girma kotu ta ɗora mata waliyyi. Na farkon mutumin kirki ne. Da ciwo ya kayar da shi aka naɗa wani lauya mai daraja a idon jama'a, ya riƙe kuɗinta, sai da sa hannunsa za ta taɓa abin da ta samu da guminta. Wannan waliyyi shi ne ya yi mata fyaɗe. Ba ta je wurin ƴan sanda ba, don ta san maganar wa za a ɗauka tsakanin lauya da wadda takarda ta ce ba ta da cikakken hankali.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda gaskiya ke fitowa a waɗannan labarai. Ba ƙarfi ke fito da ita ba, takarda ce: tsofaffin hotuna a ma'ajiyar wata jarida, rijistar kamfani, rahoton likita da aka ɓoye, hoton da yarinyar ta ɗauka a asirce. Suwidin ƙasa ce da tun 1766 dokarta ta ba ɗan ƙasa damar neman ganin takardun hukuma. Azzalumin can da takarda yake zalunci, da takarda kuma ake kama shi. Shi kansa Larsson bai tsira daga hukuncin takarda ba: Eva Gabrielsson, wadda suka zauna tare shekara 32, ba ta gaji kome ba daga dukiyar littattafan bisa doka, saboda ba a rubuta aurensu ba kuma bai bar wasiyya mai inganci ba. Ubansa da ɗan'uwansa suka gada. Matan Maradi da suka ji wannan ba za su yi mamaki ba.

To, mu sauka Gazawa. Gari ne da ya samu matsayin gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire shi daga Agiye. Shi da Gangara ke nan. Ƙasa ce ta yashi da gero, ga kwarin Gulbin Kaba da goribarsa, inda mata ke samun kabar saƙa tabarma da igiya. Mota ba ta gama tsayawa ba ƴan mata masu talla sun kewaye ta, da farantin gyaɗa, da dafaffen ƙwai, da ruwan leda. Ka dubi ɗaya daga cikinsu ka tambayi kanka shekarunta nawa. Uwarta za ta ce an haife ta shekarar da fari ya yi yawa, ko damanar da rufin ɗaki ya faɗi. Idan a gida aka haife ta, ba a gidan likita ba, kuma ba wanda ya kai sunanta ofishin magajin gari cikin wa'adi, to ba ta da takardar haihuwa. Sai ranar da za ta yi jarrabawar lakwal a nemi hukuncin alƙali da ke maye gurbin takardar, in ta kai wannan matsayi ke nan. Wadda ba ta kai ba, shekarunta suna bakin waliyyinta. In ya ce ta isa aure, ta isa.

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuwa kafin 15. Ba ƙasar da ta kai wannan adadi a duniya a lokacin. A jahar Maradi abin ya kusa tara cikin goma. Binciken nan kuma ya samu cewa fiye da rabin matan da aka tambaya suna ganin akwai dalilin da zai halatta wa miji dukan matarsa. Larsson ya buɗe kowane kashi na littafinsa na farko da irin waɗannan alƙaluma game da ƙasarsa, don ya kunyata ta. Namu alƙaluman ba su cika kunyata kowa ba, domin a taron bita ake karanta su, da Faransanci, a ci abinci a watse.

Kada a yi wa uban ɗiya rashin adalci. Yawancinsu ba mugunta ke tura su ba. Tsoron abin kunya ne, da ƙarancin hatsi a rumbu, da sanin cewa kwalejin da ke kusa tana da nisan tafiya, sai yarinya ta zauna gidan wani a gari, inda ba wanda zai lamunce abin da zai same ta. Amma kyakkyawar niyya ba ta hana naƙudar kwana uku ga jikin da bai gama ginuwa ba. Asibitin yoyon fitsari da aka buɗe a Danja, kudu da Maradi, a 2012, ba don baƙi aka gina shi ba. Kundin dokokin farar hula da muka gada daga Faransa ya sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, amma auren ƙauye ba ya bi ta gabansa: goro, sadaki, shaidu, fatiha, shi ke nan. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka mai kare ɗiya mace da ke karatu. Abu ne mai kyau. Sai dai ta fi amfanar wadda sunanta ke cikin rijistar mushe. Wadda ba a taɓa rubutawa ba, ba wanda zai lura da ranar da ta ɓace daga aji.

A tashar Gazawa na zauna kusa da wata tsohuwa da ta ce ta yi shekaru tana aikin ungozoma a ƙauyensu. Na tambaye ta, cikin ladabi, inda mace ke zuwa idan duka ya yi yawa. Ta dube ni kamar wanda ya tambayi inda rana ke fitowa. Gidan ubanta mana, yaji ke nan. A kwana biyu a zo biko da turmin zane, a ce ta yi haƙuri. In ya sake, a je zauren maigari. In ya gagara, fadar sarki. Na ce: “Inna, jandarma fa?” Ta ce: “Ɗana, wadda ta kai uban ɗiyanta jandarma, wace ƙofa za ta koma ta shiga?” Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Wannan tsani da ta lissafa, daga gidan uba zuwa fada, ba abin raini ba ne. Doka ta amince wa sarakuna da ikon sulhu, kuma sau da yawa sulhun na raba rigimar da kotu za ta shekara ba ta raba ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Illarsa ɗaya ce, kuma babba: ba ya barin sawu. Dukan bara ba a rubuta shi ba, na bana kuwa sabo ne, kowane karo kamar shi ne na farko. A 1998 Suwidin ta yi wata doka da ta ba alƙali damar haɗa ƙananan cutarwa da namiji ya yi ta maimaitawa ga matarsa ya ɗauke su babban laifi guda. Irin wannan doka sai inda ake ajiye lissafi. A zaure, rufin asiri shi ne manufa, kuma asirin da ake rufewa ba kullum na matar ba ne.

Tsakanin Gazawa da Agiye ido na hutawa. Wanda ya san wannan yanki a shekarun da suka biyo bayan yunwar 1984 zai tuna gonaki tsirara, iska na kwashe ƙasa. Yau ga gawo, ga kalgo, ga sabara, tsaye cikin gonaki, ba shuka su aka yi ba, manoma ne suka koyi barin tohon kututture ya girma suna sassabe shi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a wannan aiki har baƙi na zuwa daga ƙasashe su gani. Abin alfahari ne na gaske. Amma a tambayi gonar da itacen ke ciki ta wace ce.

Ƙasar Agiye da Cadawa ƙasar aya ce. Bayan an ƙone ganyen an kafce ƙasa, mata ne ke durƙusawa cikin ƙura suna rairaye yashi suna sheƙe shi, tari na cinsu, a biya su da tiya. Buhunan su bi manyan motoci zuwa Najeriya da ma gaba. A da, kowace matar aure tana da gamanarta, ɗan fegin da miji ke yanka mata a gefen gandu, abin da ta noma nata ne, da shi take bikin ƙawa da kayan ɗakin ɗiya. Da jama'a ta yawaita gona ta ƙanƙance, gamana ce ta fara tafiya. Masu binciken da suka yi aiki a kudancin Maradi cikin shekarun 2000 sun rubuta abin da mutane da kansu ke kira kullen gona: a ce mace ta huta a gida don daraja, alhali gonar da za a ba ta ce babu. Ga kuma gado. Addini ya yanka wa ɗiya rabonta a fili, rabin na ɗa namiji. Al'ada ce ke cewa gona ba ta bin mace gidan wani, ƴan'uwa maza su riƙe mata, riƙon da ba ya ƙarewa. A nan wadda ta san littafi ta fi ƙarfi, domin malami na gefenta. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardar shaidar mallaka, ta kyauta, ta saye, ta aro. Macen da ta samu irin wannan takarda da sunanta, ranar da aka sake ta ko miji ya rasu, tana da abin nunawa. Ma'aikacin da ke zaune a irin wannan kwamiti, in yana karanta wannan shafi, ya sani hatiminsa ya fi wa'azi goma nauyi.

A wannan jaha ce kuma, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanka, a ba mai bukata rance, a raba riba ƙarshen zagaye. Yawancinsu ba su yi boko ba, sai suka mai da taron kansa rijista: a gaban kowa ake zubi, a gaban kowa ake ƙirga, kowace na riƙe da lissafin ta kusa da ita. In da wani zai rubuta labarin bin sawu a ƙasar Agiye, ba ma'ajiyar jarida zai aika mai bincikensa ba. Ƙarƙashin bishiyar da matan asusu ke zama zai aika shi, don su suka san wadda ta zo da kumburin ido, da wadda ta ci rance ta biya kuɗin magani ba ta faɗi ciwon ba. Sai dai mai binciken ya zama mace, in ba haka ba zai dawo da gaisuwa kawai.

Agiye na da kotu, kamar sauran manyan garuruwan gunduma. A sha'anin aure, saki, riƙon ɗiya da gado, dokar ƙasa ta ce alƙali ya yi hukunci da al'adar masu shari'a, yana da mataimaka masana al'ada a gefensa. Alƙalin ya yi karatunsa da Faransanci, matar na magana da Hausa, al'adar kuwa ba a rubuce take ba, sai abin da mataimakan suka ce ita ce. An yi yunƙurin rubuta dokar iyali guda ga ƙasa duka. Matan da suka yi jerin gwano a Yamai ran 13 ga Mayu 1991, don an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya taron ƙasa, sun sa rai da ita. Ƙungiyoyin addini suka tashi, aka ajiye daftarin a farkon shekarun 1990. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka. A 2011 wani daftarin ya sake faɗuwa. Gyaran kundin hukunta laifuka na 2003 ya sa bauta da kaciyar mata da matsa wa mace da neman lalata cikin laifuka, wannan ci gaba ne. Amma abin da ke faruwa tsakanin bango huɗu na ɗakin aure ya zauna inda yake.

Cadawa mun wuce ta da sauri, buhunan aya jibge a bakin kwalta.

Maradi ba ta cikin gundumomin da na sa gaba, amma ba a gitta ta a yi shiru. A kasuwarta ne littattafan Kano suka sami masu karatu, kuma wanda ke cewa Hausa ba ta da irin su Larsson bai karanta Balaraba Ramat Yakubu ba. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, kuma Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, waɗanda suka fito wajen 1990, sun riga littattafan Larsson da shekara 15. Bambancin shi ne a nata labaran ba ɗan sanda, ba ɗan jarida mai tona fayil. Sakayya daga Allah take zuwa, ta hannun zamani. Marubuciyar ta san ƙasarta. A Maradin nan kuma, a watan Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, wanda ake yi can kusa da Yamai, ta juye ta faɗa wa mashaya, da wata majami'a, da gidajen mata masu zaman kansu, har da gidan Iya. Masu nunin tufafin suna da masu gadi da tikitin jirgi. Waɗanda aka ƙone wa ɗaki ba su taɓa ganin bikin ba.

Tafiya kaɗan daga Maradi sai Tibiri, kuma daga nan an shiga gundumar Gidan Rumji. Nan Gobirawa suka kafa sabon zama wajen 1836, bayan Alkalawa ta faɗi a 1808 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. A fadar Gobir akwai sarautar Inna, kamar yadda Katsinar Maradi ke da Iya: mace daga gidan sarauta, uwar ƴan bori, mai faɗa a ji a sha'anin mata, musamman waɗanda ba su ƙarƙashin miji. Ba na cewa zamanin da aljanna ne ga mata. An yi bauta, an yi ƙwarƙwara, an yi kyautar ɗiya kamar kyautar doki. Amma tsarin ya tanadi wata ƙofa da mace za ta shiga ta tarar da mace zaune bisa iko. Mulkin mallaka ya zo bai ga wannan ƙofa ba, don da maza kaɗai ya san yin magana. Masu wa'azin zamani suka zo suka ce ta bori ce. Sarautar na nan, ana girmama ta ranar biki. Abin da ya maye gurbin aikinta a ofisoshi shi ne ma'aikacin kula da ci gaban mata na gunduma, sau da yawa da tebur ɗaya da babur marar mai.

Daga Tibiri zuwa Gidan Rumji hira a mota ta canza. Ba a zancen aya, sai na iyaka. Kudu da nan ƙasar Sabon Birni ce da Isa, a jahar Sakkwato, kuma tun 2019 dubban mutane suka tsallako suna gudun ƴan bindigar daji na Sakkwato, Zamfara da Katsina, mafi yawansu mata da yara. Ƙauyukan bakin iyaka suka buɗe musu zaure da rumbu tun kafin wata ƙungiya ta iso, abin da ya kamata a rubuta da ruwan zinariya. Daga baya hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnati suka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƴan bindigar ma ba su tsaya a iyaka ba; satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun taɓa ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa. Idan aka sako namiji, ana zuwa yi masa barka a tambaye shi yadda aka yi. Idan aka sako mace, ana yi mata barka, ba a tambaya. Kowa ya san dalilin shirun, kuma shirun ne ke raka ta har ɗakinta. Wani abin da zai ba mai karatu mamaki: matar da ta gudo daga Sabon Birni an ɗauki hotonta da zanen yatsunta, an ba ta kati mai sunanta da shekarunta, ɗiyar mai masaukinta, wadda ba ta taɓa barin ƙauyensu ba, mai yiwuwa ba ta da ko ɗaya.

A Gidan Rumji tafiyata ta ƙare, amma kwalta ta ci gaba yamma, ta Madawa zuwa Birnin Ƙonni, kuma a can ne ƙasarmu ta yi shari'ar da ta fi kama da littafin Larsson, sai dai ita ba ƙage ba ce. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani tana shekara 12, a kan jika 240, ga wani mai mata huɗu, ta zama wahaya, watau ta biyar da ba a ɗaura wa aure ba: aikin gida, aikin gona, da shimfiɗar maigida. Shekara tara tana haka. Da dokar 2003 ta fara tsorata masu bayi, kuma ƙungiyar Timidriya na zagaya ƙauyuka, sai maigidan ya ba ta takardar ƴantawa a watan Agusta 2005, da sa hannunsa, da hatimin maigari. Nufinsa ya wanke kansa ya kuma riƙe ta, don da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce. Bai lura ba cewa da hannunsa ya rubuta shaidar cewa baiwa ce.

Kotun farko a Ƙonni ta ba ta gaskiya a watan Maris 2006, ta ce ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta, saboda haka ba aure. Kotun sama da ita ta rushe hukuncin a watan Yuni, da hujjar al'ada. Hadijatu ta auri wanda take so; tsohon maigidan ya kai ƙara, a 2007 aka yanke mata wata shida a gidan kaso bisa laifin aure kan aure, ta yi wajen wata biyu a kulle. A dubi wannan da kyau: hukuma ba ta ɗaure wanda ya saye ta ba, ita ta ɗaure. Lauyoyinta suka ɗauki maganar zuwa kotun CEDEAO, wadda ta zo ta zauna a Yamai, kuma ran 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ƴarta daga bauta, ta umurci a biya ta miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin. A 2019 babbar kotun ƙasa ta rufe sauran shari'ar, ta tabbatar da aurenta, ta ce al'adar wahaya ba ta da gurbi a doka. Daga ranar da aka sayar da ita zuwa wannan rana shekara 23 ke nan.

Kotun da ta ba ta gaskiya a 2008 ta ƙasashen CEDEAO ce, kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025. Wadda aka cuta yau a Gangara, ko Saye Sabuwa, ko Gidan Sori, tsaninta ba ya kaiwa wannan kotu kuma.